Babi Na Biyar: Sauya Rumbun Ajiya A Ƙaramar Kwamfutar Kan Teburi

"Kwamfutar nan ta yi nauyi. Sai in kunna ta, in je in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba. Ta ƙare ke nan, in fara neman kuɗin wata?" Masu shagon buga takardu, da malaman makaranta, da masu kemis duk suna yin wannan tambaya, kuma galibi a kan irin kwamfuta ɗaya suke yin ta: 'yar ƙaramar nan ta kan teburi da ake shigowa da ita gwanjo bayan ofisoshin Turai da Amurka sun gama morar ta. Kamfanin Dell ya kira tasa OptiPlex, HP na da EliteDesk da ProDesk, Lenovo kuma na da ThinkCentre.

Yawanci ba ta ƙare ba. Abu guda ne ya gaji a cikinta, wato rumbun ajiya, wanda masu gyara ke kira had dis. In ban da fanka, shi ne abin da ke juyawa ba hutu muddin kwamfutar na kunne, don haka shi ke riga kowa tsufa. Cire shi a sa wani ba ya cin rubu'in awa a hannun wanda ya natsu. Inda mutane ke yin asara ba a wurin kwance sukuru ba ne. Suna yin ta ne a kasuwa, wajen sayo abin da ba zai shiga ba, ko a gida, idan suka buɗe akwatin ba su kwashe bayanansu ba.

Me ke cikin rumbun?

Wanda ya taɓa ganin garmaho ya riga ya fahimci rabin maganar: faifai yana juyawa, hannu mai ɗauke da allura yana bin kansa yana karanta abin da aka naɗa. Haka tsohon rumbun kwamfuta yake, sai dai faifansa na juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda. A na biyun, juyi 120 ke nan a kowace daƙiƙa. Kan da ke karatun ba ya taɓa faifan. Yana shawagi ne a samansa da tazarar da ƙwayar ƙura guda ta ninka ta sau ɗaruruwa. Shi ya sa bugun teburi ko faɗuwar akwati yayin da kwamfuta ke aiki yake iya sa kan ya karci faifan, abin da ke wurin kuma ya tafi ke nan.

Fasahar ta tsufa. IBM ce ta fito da rumbu na farko a 1956, mai faifai 50, kowanne faɗinsa inci 24, kuma duka abin da yake ɗauka bai kai hoto biyu masu kyau na wayar yau ba. An yi ta ƙanƙanta shi ana ƙara masa ciki, amma har gobe sai hannun ya yi tattaki zuwa inda bayani yake, ya jira faifai ya juyo da shi. Wannan jiran ne mai karatu yake gani a matsayin nauyi.

Sabon nau'in rumbu da ake kira SSD kuwa ba shi da faifai, ba shi da hannu, babu abin da ke motsi a cikinsa. Dangin ma'ajiyar waya ne da filas. Tsohon rumbu na karanta tsakanin MB 100 zuwa 200 a daƙiƙa idan hanya ta miƙe masa, SSD na gama-gari kuwa yana kai wajen 550. Amma ba nan ne babban bambancin yake ba. Lokacin da Windows ke tashi, dubban ƙananan fayiloli yake nema a warwatse, kuma a irin wannan aiki SSD na ninka mai faifai sau goma-goma.

A tabbatar shi ne mai laifin

Ba kowane nauyi ne na rumbu ba. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Idan layin rumbu ya kafe a kashi 100 alhali ba wani aikin kirki kake yi ba, sauran layukan kuma suna ƙasa, to an kama ɓarawon. Idan layin ram ne ya cika, wannan wata cuta ce daban.

Akwai kuma alamun da kunne ke ji. Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas mai maimaituwa, ko ka ji rumbun ya ɗauki juyi ya tsaya ya sake ɗauka, alama ce ta ajali ya matso. Haka idan fayil ya ƙi buɗuwa yau ya buɗu gobe, ko kwafe hoto ɗaya ya tsaya cak a tsakiya. Kowane rumbu yana riƙe da rahoton lafiyarsa da kansa, kuma manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana karanto shi. Shuɗin launi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa sai haƙuri. Tana kuma nuna adadin awowin da rumbun ya yi a kunne tun da aka ƙera shi. A kwamfutar gwanjo ba abin mamaki ba ne ka ga awa 20,000 ko fiye, domin shekara guda cur awa 8,760 ce, kuma ofisoshi da yawa ba sa kashe na'urorinsu da dare.

Idan ka ga rawaya ko ka ji ƙarar nan, daina duk wani gwaje-gwaje. Duk kunnawa ɗaya na iya zama ta ƙarshe. Fara kwashe abin da ya fi maka muhimmanci, sannan a yi maganar saye.

Wanne za a saya?

Nan ne ƙanƙantar kwamfutar take zama magana. Babbar akwati tana da gurabe da yawa, duk abin da ka kawo zai samu wurin zama. Ƙarama kuwa gurbi ɗaya ne ko biyu, kuma an auna su daidai.

Ƙananan nan kashi biyu ne. Akwai matsakaiciya, wadda ake rubuta wa SFF, da ake kwantarwa a ɗora sikirin a kanta. Ita tana iya ɗaukar babban rumbu mai inci 3.5 ko ƙarami mai inci 2.5. Akwai kuma 'yar mitsitsiya, wadda Dell ke kira Micro, HP ke kira Mini, Lenovo ke kira Tiny. OptiPlex 7050 Micro, wadda ta fito a 2017, tsawonta da faɗinta kusan santimita 18 ne, kaurinta bai kai santimita 4 ba. Babban rumbu ba zai shiga cikinta ba ko da me za a yi. Mai inci 2.5 kaɗai take ɗauka, irin na kwamfutar tafi-da-gidanka.

SSD mai inci 2.5, wanda kaurinsa milimita 7 ne, yana shiga duka biyun, kuma bakinsa iri ɗaya ne da na tsohon rumbun, wanda ake kira SATA. Cire wannan, sa wancan. Shi ne zaɓin da ba a cika yin kuskure da shi ba. A matsakaiciyar da ta zo da babban rumbu kawai za a buƙaci ɗan faranti na ƙarfe ko roba da zai riƙe ƙaramin a babban gurbi.

Sai kuma nau'in da ake kira M.2, siriri, ba shi da murfi, wanda ake sokawa kai tsaye a jikin madabod ba tare da waya ba. Za ka ga an rubuta 2280 a kwalinsa, ma'ana faɗi milimita 22, tsawo 80. A nan ake zamewa. M.2 iri biyu ne masu kama da juna a ido: wani da harshen SATA yake magana, gudunsa bai wuce 550 ɗin nan ba, wani kuma NVMe ne, wanda a irin waɗannan kwamfutocin yake kai wajen MB 3,500 a daƙiƙa. Wani gurbin yana karɓar duka biyun, wani ɗaya kawai. Sai ka soka ya shiga lafiya lau, ka kunna kwamfuta ta yi kamar ba ta san da shi ba. Dubi bakinsa: mai tsaga biyu galibi SATA ne, mai tsaga ɗaya galibi NVMe. Kada kuma ɗan gajeren gurbin da ke kusa ya ruɗe ka, na katin Wi-Fi ne.

Maganin wannan ruɗani shi ne lambar kwamfutar. A jikin kowace Dell akwai takarda mai lamba ta haruffa da alƙaluma bakwai. Shigar da ita a shafin kamfanin, zai kawo littafin gyaran wannan samfurin, da hotuna, da irin rumbun da kowane gurbi yake ɗauka. HP da Lenovo ma haka suke. Minti biyar na karatu ya fi komawa kasuwa ana jayayya da mai shago a kan kayan da aka riga aka farke ledarsa.

Wasu na'urorin ba a sauya musu ma'ajiya sam. Mac mini na 2012 ana cire rumbunsa, amma na 2018 ma'ajiyarsa a liƙe take da madabod. Haka ƙananan kwamfutoci masu araha da aka rubuta musu eMMC.

Shawarata ɗaya ce: kada ka sayi wani mai faifan don ɗora Windows, ko da mai shago ya ce zai ba ka mai TB 1 a kuɗin SSD mai GB 256. Ga mai buga takardu da shiga intanet, 256 ya isa, 500 ko 512 kuwa ya fi kwanciyar hankali. Wanda ke tara bidiyon biki da hotuna, kuma kwamfutarsa na da gurbi biyu, sai ya sa Windows a M.2 ya bar mai faifai lafiyayye a ɗaya gurbin don tara kaya. Masu cewa SSD na saurin ƙarewa da rubutu suna da gaskiya a asalin magana, amma lissafin bai goyi bayansu ba. Samsung ya ba 870 EVO mai GB 500 garantin rubuta TB 300. Wanda ke rubuta GB 20 kullum sai ya haura shekara 40 kafin ya cinye wannan. Aibinsa na gaskiya shi ne ba ya ƙara kafin ya mutu, kuma ceto bayani daga cikinsa ya fi wuya.

A kasuwa, jabu ya fi komai ban tsoro. Akwai tsoho da aka sake wa leda, akwai kuma ƙarami da aka yi wa dabara yake nuna babban adadi. Ka sa a haɗa shi a gabanka a buɗe CrystalDiskInfo: sabo bai kamata ya nuna ɗaruruwan awowi ba. Manhajar H2testw tana cika shi da bayani ta sake karantawa, ta haka take tona asirin mai ƙaryar girma. Amma idan mai GB 500 ya nuna 465 a Windows, ko mai 256 ya nuna 238, ba a cuce ka ba. Kamfanoni da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024.

Kwashe kaya tukuna

Hanya biyu ce. Ko dai a kwafe tsohon rumbun ɗungurungum zuwa sabon, abin da masu gyara ke ce wa kulonin, ko a ɗora sabon Windows daga farko a dawo da fayiloli daga baya.

Kulonin na da amfani ga wanda ke da manhajar lissafin kaya ko ta zane da ba shi da hanyar sake samun ta. Komai zai dawo yadda yake, har hoton kan sikirin. Tunda gurbi ɗaya ne a ciki, sai an sami ɗan kwanso ko kebul da zai haɗa sabon rumbun ta USB. Samsung na ba masu sayen kayansa manhajar kwafewa kyauta, akwai kuma Clonezilla ga wanda hannunsa ya faɗa, kodayake ita ta fi son sabon rumbun ya kai tsohon girma. Hatsarin biyu ne. Na farko, juya su: ka zaɓi sabon a matsayin wanda za a kwafo, fanko ya hau kan aikin shekaru ya shafe shi. Karanta suna da girman kowanne sau biyu kafin ka danna. Na biyu, ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki, don aikin kan ɗauki awa ɗaya ko fiye. Kada a fara shi sai da inbata ko UPS. Rumbun da ya fara ƙara kuwa ba a yi masa kulonin a gida, domin karanta shi daga farko zuwa ƙarshe na iya ƙarasa shi.

Ga kwamfutar gwanjo na fi son sabon Windows. Ba ka san me wancan ofishin ya bari ba, ba ka san me mai shago ya loda ba, kuma ba dalilin kwaso tarkacen shekaru zuwa sabon wuri. Microsoft na ba da manhaja mai suna Media Creation Tool da ke mai da filas mai GB 8 ko fiye abin ɗora Windows. Tana shafe duk abin da ke kan filas ɗin, a sani. A haɗa shi tun tsohon rumbun na aiki.

Kowace hanya ka bi, ajiye kwafin fayilolinka a wani wuri daban. Kowa na tuna foldar takardu da ta hotuna. Abin da ake mantawa shi ne abin da ke zube a kan sikirin, da foldar saukarwa, da kalmomin sirri da burauza ta riƙe, da salon haruffan da mai shagon buga katin biki ya tara, da manhajar kibod ɗin da ke ba shi ƙ da ɗ da ɓ. Duba kuma ko an kulle rumbun da BitLocker. Idan an kulle, nemi mabuɗinsa mai alƙaluma 48 ka rubuta a takarda. Sau da yawa yana cikin asusunka na Microsoft. Ba tare da shi ba, tsohon rumbun ba zai buɗu a wata kwamfuta ba.

Buɗe akwatin

Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga jikinta, sannan ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wutar ta zube. Taɓa wani ƙarfe kafin ka sa hannu ciki. A lokacin hunturu, da iska ta bushe har mutum kan ji tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota, wannan ba wasa ba ne: abin da yatsa ke ji kamar tsunguli ya isa ya kashe SSD. A yi aikin a kan teburin katako, ba a kan kafet ko katifa ba. Ɗauki hoton cikin da wayarka kafin ka motsa komai.

A OptiPlex 7050 Micro, sukuru ɗaya ne a baya, kuma da yatsu ake kwance shi. Tura murfin zuwa gaba ka ɗaga. Rumbun na nan a sama cikin mazauninsa na roba. Dell na sa shuɗin launi a duk wurin da aka yi don hannu ya kama, don haka bi shuɗi. Matse kunnuwan mazaunin biyu, ja shi ya rabu da bakin da ke jikin madabod, sannan ka ɗaga. Babu waya a wannan samfurin. Mazaunin yana riƙe rumbun ne da 'yan ƙusoshi huɗu da ke shiga ramukan gefensa. Ɗan buɗa robar a hankali, tsohon zai fito. Lura da inda bakinsa ya kalla, ka sa sabon haka, in ba haka ba zai ƙi haɗuwa. Gurbin M.2 yana ƙarƙashin inda rumbun ya tashi. Ana soka shi a karkace, a danna ƙarshensa ƙasa, a kafe shi. A samfurin da ake ɗaure shi da sukuru, sukurun ƙanƙane ne ƙwarai kuma sabon SSD ba ya zuwa da shi, don haka a tanadi ƙaramar sukundireba da murfin kwalba na ajiye shi.

Matsakaiciyar ta fi ɗan aiki. Bayan murfin gefe, sai an cire fuskar gaba ta hanyar ɗaga 'yan maƙalanta, sannan a saki kejin da ke ɗauke da rumbu da na'urar faifan DVD. Waya biyu ke shiga rumbun: siririya ta bayanai, mai faɗi ta wuta. Bakin kowacce na da lanƙwasa a gefe ɗaya, ba ta shiga a juye. Kama kan wayar ka ja a miƙe, kada ka ja igiyar. Wayoyin gajeru ne kuma an bi da su ta hanyar da aka tsara, to a mai da su yadda hoton ya nuna, kada ɗaya ta faɗa bakin fanka ko murfi ya datse ta. Duk abin da ya ƙi motsi, akwai maƙalin da ba a saki ba. Ƙarfi ba ya cikin wannan aiki.

Tunda an buɗe, a hure ƙurar fanka. Riƙe fukafukanta da yatsa yayin hurawa.

Kunnawar farko

Kafin komai, shiga BIOS ka ga ko kwamfutar ta ga sabon rumbun. A Dell F2 ake dannawa da zarar an kunna, a HP F10, a Lenovo F1. Idan bai fito ba, kashe ka sake zaunar da shi. Idan M.2 ne kuma ya ci gaba da ɓuya, koma batun SATA da NVMe.

Wanda ya yi kulonin ya bar tsohon rumbun a waje a wannan kunnawar, kada kwamfutar ta rasa wanda za ta bi. Mai ɗora sabon Windows ya soka filas ya danna F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP, ya zaɓe shi. Akwai wani tarko a Dell: sau da yawa BIOS na ganin NVMe amma mai ɗora Windows ya ce babu rumbu. Nemi saitin aikin SATA, idan yana kan RAID mai da shi AHCI. Kada wanda ya yi kulonin ya taɓa wannan saitin, Windows ɗinsa zai ƙi tashi.

Lasisi bai cika zama matsala ba. A kwamfutocin da aka sayar da Windows 8 ko na bayansa, galibi a madabod yake, ba a rumbu ba, kuma yana dawowa da kansa idan an hau intanet. Abin lura shi ne Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana neman furosesar Intel ta zubi na takwas zuwa sama. 7050 ba ta kai ba, 7060 ta kai. Sabon rumbu ba ya canza wannan.

Tsohon rumbun fa?

Kada ka shafe shi sai ka yi mako biyu kana aiki da sabon, domin abin da aka manta sai an buƙace shi ake tunawa. Bayan haka, idan rahotonsa shuɗi ne, sa shi a kwanson USB ya zama wurin ajiye kwafi. Idan sayarwa ko kyauta za ka yi, fomatin na gaggawa ba ya goge komai, jerin sunayen fayiloli kawai yake cirewa, kuma manhajar kyauta na iya dawo da hotunan iyali da takardun abokan ciniki. Cire alamar gaggawar ka bar Windows ya bi shi gaba ɗaya, ko da zai kwana. Wanda ya mutu kuwa a huda shi ko a sa masa guduma kafin ya kai hannun 'yan jari-bola. Faifan ƙananan sau da yawa gilashi ne, a naɗe shi a tsumma kafin a buga.

Wani zai gama duk wannan, kwamfutar ta riƙa tashi cikin daƙiƙa ashirin, amma da ya buɗe shafuka goma a burauza sai ta koma jan ƙafa. Wannan ba laifin rumbu ba ne, ram ne ya yi kaɗan, musamman a masu GB 4. Babi na gaba zai nuna yadda ake gane irin wanda kwamfutarka ke ɗauka, da dalilin da ya sa 'yar mitsitsiyar ke amfani da gajeren ram irin na tafi-da-gidanka. Ka ajiye lambar kwamfutarka kusa, da ita za mu fara.